Babban bargo a ƙaramin keke

Haɗa ƙyallayen fuskar bargo shi ne mai sauƙin. Wahalar tana zuwa ne bayan an shimfiɗa shafi, an ɗora auduga, an rufe da fuska, a ce a bi su da ɗinki su zama abu ɗaya. Na jariri ba ya cin lokaci. Na babban gado kuwa, mai faɗin inci 90, sai an zauna an yi shawara.

Kekena na gida ne, tsakanin allura da jikinsa bai wuce inci 7 ba, kuma ta wannan ɗan lungun rabin bargon zai wuce. Wasu sukan ce a naɗe shi kamar tabarma. Ni ban ga amfanin hakan ba, don naɗin tauri yake yi, ya riƙa tokarar keke yana karkatar da layi. Tattara shi sako-sako ya fi. Babban abokin gaba dai nauyi ne: da zarar gefe ya zubo daga tebur sai ya ja aikin, ɗinki ya fito ƙanana-ƙanana, wani lokacin allura ta karye. Shi ya sa na ƙara tebur a hagu da bayan keke.

Na taɓa kai wa masu babban injin da ke yawo a kan firam. Sukan nemi shafi ya fi fuska da inci 4 ta kowane gefe. Aiki ya fito tsaf, babu laifi, amma zane ɗaya ne aka maimaita daga baki zuwa baki, bai kula da inda na sa kowane ƙyalle ba. Ɗinkin hannu kuma, sai mai watanni a hannunsa.

Abin da na tsaya a kai shi ne raba audugar uku. Ina yanke ta dama da ta hagu, yanka mai lanƙwasa don kada mahaɗar ta fito a jiki, in sa musu alama in ajiye. Tsakiyar nake fara kamawa da fil, tazarar tafin hannu, in ɗinke ta da ƙafar keken da ke jan yadin sama daidai da na ƙasa, tsawon ɗinki milimita 3. Yadi zalla ne ke bi ta lungun, ba cunkoso. Sannan in mayar da audugar gefe ɗaya, in haɗa bakinta da ta tsakiya da allurar hannu, baki da baki, kada wata ta hau wata, in ci gaba da layuka zuwa waje. Ɗaya gefen ma haka.