Ashe da shuɗi a fuskar mai nono

Hoton da malaminmu na zane ya ba ni in kwaikwaya na wata Bafulatana ce mai tallar nono, rana na shirin faɗuwa a bayanta. Duk inda ka duba ja ne da ruwan goro da ruwan ɗorawa. Na shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke Kaduna na sayo akirilik, wato fentin zane mai saurin bushewa, na waɗannan launukan, da fari da baƙi. Mai shagon ma bai ce mini uffan ba, ya dai karɓi kuɗinsa.

Fitar da siffar bai ba ni wahala ba, tunda na raba kyanbas ɗin, wato yadin da ake zane a kai, gida-gida da fensir. A fuska aka yi ta. Inuwar ƙasan haɓa da gefen hanci na ce baƙi zai yi, sai fatar ta mutu, ta koma ruwan taɓo. Na ƙara ja, na ƙara ruwan goro, har bututun jan ya ƙare. Matar ta fito kamar an watsa mata manja. Ga hunturu, kafin ka gama haɗa launi ya bushe a faranti, kuma akirilik idan ya bushe sai ya fi yadda ka shafa shi duhu.

Malam, wanda ya karanci zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya huda ƙaramin rami a farar takarda ya ɗora a kan inuwar wuyan matar a hoton asali. "Me ka gani?" Wallahi toka-toka ne mai sirkin shuɗi! Jan da ke kewaye da shi ne ke rufe ido. Ya ce wannan ɗan sanyin na shuɗi shi ke sa jan ya yi zafi, idan babu shi launukan danne juna suke yi.

Har yanzu kuɗin jan nan na ci mini rai, ga kyanbas guda da ya tafi a banza. Bututun shuɗi ɗaya, shi ke nan fa abin da ya rage in saya. Ɗigonsa kaɗan a cikin ruwan ƙasa ya ba ni inuwar da baƙi ya kasa.

Mai niyyar farawa, ka huda takardarka tun kafin ka je kasuwa. Ka kuma ajiye kwalbar fesa ruwa kusa da faranti idan hunturu ne. Baƙin kuwa na ba ƙanena, yana rubuta lambar gida da shi a ƙofofin Tudun Wada.