Talata: tambayar da ta fito daga bencin baya

Yau hazo ya rufe Maraɗi tun asuba, da ƙyar mai kabu-kabun da ya ɗauko ni ke ganin gabansa. Ƙarfe takwas ina ajin tarminal, wato ajin ƙarshe na sakandare, alli na karyewa a hannuna saboda bushewar hunturu. Na rubuta musu cewa uraniyom 238 sai ya shekara biliyan huɗu da rabi kafin rabinsa ya rikiɗe ya koma wani abu. Sai wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu. "Mushe, to wanda ake haƙowa a Arlit, daga ina ya zo tun farko?"

Wallahi raina ya yi fari. Na ajiye darasin gefe.

Na ce musu tauraro tukunya ce. A cikin cibiyar ranarmu zafi ya kai digiri miliyan 15, kuma kowace daƙiƙa tana narka kimanin tan miliyan 600 na haidurojin ta mai da shi hiliyom. Manyan taurari sukan ci gaba da dahuwa har su kai ga baƙin ƙarfe, daga nan wuta ba ta ƙara ci. Abin da ya fi shi nauyi sosai, irin su uraniyom, sai inda nutiron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke cikin cibiyar zarra, ke zuba kamar ruwan Agusta, ƙwayar zarra ta yi ta haɗiyarsu cikin ƙiftawar ido. A ranar 17 ga Agusta 2017 na'urorin LIGO na Amurka da Virgo na Italiya suka ji girgizar karon wasu taurarin nutiron biyu, wato ragowar manyan taurarin da suka mutu, cike da nutiron, a nisan da haske ke shekara miliyan 130 kafin ya ratsa. Da aka juya madubin hangen nesa wajen, sai ga alamun ƙarafa masu nauyi a cikin hasken. Ajin ya yi tsit, har masu hira a bakin taga.

Abin da ban samu lokacin faɗa musu ba, kuma ya fi burge ni, haƙurin masu binciken ne. A ɗakin binciken Giran Saso na Italiya, ƙarƙashin dutse mai kaurin mita 1,400, suna harba ƙwayoyin zarra su zauna makonni suna ƙirga 'yan haɗuwar da ke faruwa jefi-jefi, don kawai su san saurin wutar cikin tauraro.

Bayan isha'i aka ɗauke wuta. Na shimfiɗa tabarma kusa da Kawu, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana aikin haƙa a Arlit, yana ta hura gawayin shayi. Na ba shi labarin duka. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ikon Allah. Ashe ƙurar da muka sha ta girmi ƙasar da muke takawa."

Na ce, "Haka ne, Kawu, kun taɓa ta da hannunku ma."

Ya miƙo mini kofin farko, ya ɗaga kai yana neman taurari. Hazon bai bar ko ɗaya ba.