Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Lokacin da Masu Biya Suka Fara Janye Jiki

A makon jiya na tsaya a inda aikina na horar da 'yan kasuwa da ma'aikata ya fara kankama. Ranar 11 ga Maris, 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya, muka koma Zoom. Wannan bai taɓa ni sosai ba, don mutane na zaune a gida cikin ruɗani, da yawa suna neman abokin shawara. Shekarar da ta girgiza ni ita ce 2022. Rasha ta afka wa Yukiren a watan Fabrairu, makamashi ya yi tashin gwauron zabi, manyan bankunan ƙasashe suka yi ta ƙara kuɗin ruwa. Ko a Amurka hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 cikin ɗari a watan Yuni.

Kamfanoni ne suka fara janyewa. Idan kamfani zai tsuke bakin aljihu, ba ya farawa da albashi ko haya. Kasafin horar da ma'aikata yake fara zaftarewa, tunda ba wanda zai tayar da jijiyar wuya a kansa washegari. Sai ɗaiɗaikun mutane suka biyo baya. Babu wanda ya fito fili ya ce ya daina. "Malama, bari abubuwa su ɗan lafa, zan dawo." Shi ke nan, sai shiru.

Su kuwa kuɗaɗen da ke fita ba su san da lafawa ba. Takardar shaidar ƙungiyar masu horarwa ta duniya, wato ICF, duk shekara uku ake sabunta ta, kuma sai mutum ya kawo awa 40 na ƙarin karatu, galibi da kuɗinsa. Ga kuɗin intanet, ga na manhajoji duk wata.

Abokan sana'ata da dama suka karya farashi. Ni na ƙi. Wanda ya biya cikakken kuɗi bara zai ji an cuce shi, kuma farashin da aka saukar da wuya ya sake hawa. Abin da na canza shi ne hajar kanta. Mutumin da bashi ya sha masa kai ba zai biya a koya masa "gano kansa" ba, amma zai biya idan aka ce cikin wata uku za a zauna da shi a gyara yadda yake sa farashi, ko yadda zai karɓo kuɗinsa daga masu cin bashi, ko yadda zai nemi aiki bayan an sallame shi. Matsala ɗaya, wa'adi sananne, rabin kuɗi kafin a fara.

Na kuma haɗa mutane rukuni-rukuni. Kowa ya biya kaɗan, ni kuma awata ɗaya ta fi kawo kuɗi. Kada wani ya ɗauka da sauƙi. A kowane rukuni akwai mai surutun da zai cinye lokacin kowa, akwai wanda sai an yi da gaske zai buɗe baki. Kuma ba na taɓa haɗa masu sana'a iri ɗaya, don ba mai faɗin asirin bashinsa a gaban abokin gogayyarsa.

Tsarin horarwa na GROW da masanin horarwa John Whitmore ya yaɗa yana da matakai huɗu: buri, halin da ake ciki, zaɓin da ake da shi, sai matakin da za a ɗauka. A kwanakin yalwa kowa a kan buri yake son mu daɗe. A shekarar 2022 kuwa kusan duk zamanmu a mataki na biyu yake ƙarewa: nawa ya shigo, nawa ya fita, wa ake bi, wa ke bin ka. Wata ta kawo littafin lissafinta, muna dubawa ta gane ashe kayan da ta fi sayarwa a kan faɗuwa take sayar da su.

Ana cikin haka ɗaya daga cikin kamfanonin da suka janye ya sake nemana, amma da wani sharaɗi da ya hana ni barci. Wannan sai mako mai zuwa.