Kason gida da tukuicin da ya ɗaure ni a teburin karta

Ƙannena, shekara uku na yi ina buga kartar kuɗi ta intanet, wadda ake kira foka, amma sai a shekara ta uku na zauna na lissafa abin da gidan wasan yake yanka a cikin kuɗina. Da tun watan farko na yi wannan lissafi, da ban cinye kuɗin hayar ɗakina ba, da kuma ban yi wa mahaifiyata ƙarya a waya ba. Shi ya sa nake so in yi muku shi yau a fili.

Caca haramun ce, wannan tun muna Islamiyya muka sani, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya da gumaka a layi ɗaya. Ranar da na buɗe asusun wasan ban manta da ayar ba. Abin da na gaya wa zuciyata shi ne foka daban take, basira ake gwadawa, da mutane kake karawa, wanda ya fi iya lissafi shi ke ci. Ina karatu a Arewacin Saifurus a lokacin, inda gidajen caca suke ko'ina a manyan otal-otal, kuma abokin ɗakina ne ya fara ba ni labarin Chris Moneymaker, wani akawu daga jihar Tenesi ta Amurka da ya shiga ta wata ƙaramar gasa a intanet, ya je Las Begas a 2003 ya lashe dala miliyan 2.5 a babbar gasar foka ta duniya. Labarin gaskiya ne. Duk wanda zai ja ka cikin wasan nan da shi yake farawa, kuma ba zai ce maka komai ba game da hannun da ke shiga kuɗin tsakiya kafin mai ci ya kwasa.

Wannan hannun shi 'yan wasa ke kira rek, ni kuma nake ce masa kason gida. A yawancin gidaje kashi 5 cikin 100 ne, ko kusa da haka, na kuɗin da aka tara a tsakiya a kowane zagaye. Akasari ba a yanka sai an buɗe katunan farko guda uku a kan tebur. In gasa ce kuma, tun a bakin ƙofa ake karɓa: ka ga an rubuta dala 10 da ɗoriyar dala 1, goman ta shiga tulin da za a raba, ɗayar ta gida ce.

Kashi biyar ba ya tayar wa kowa hankali, kuma a nan na ruɗe. Na ɗauke shi kamar la'adar mai karɓar adashin kullum, wanda yake ɗaukar zubin kwana ɗaya a wata ya miƙo maka sauran. Shi sau ɗaya yake taɓa kuɗinka. A teburin karta kuɗin nan ɗaya ne yake yawo daga hannu zuwa hannu, kuma duk juyin da ya yi sai an gutsure shi. A ce mutum shida sun zauna, kowa da dala 10, jimilla dala 60. A ce a cikin awa guda an yanki zagaye 30, kowanne da dala 2 a tsakiya. Santi 10 sau 30, dala 3 ke nan a awa. In suka yi awa 20 suna juya kuɗin nan a tsakaninsu, ba sauran ko sisi a teburin. Wannan ya ci wancan, wancan ya rama, kowa yana ganin da ɗan'uwansa yake kokawa, alhali kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai kuma kashin dankali a cikin tsarin. Gidaje suna sa iyaka ga abin da za su yanka a zagaye ɗaya, a ce dala 3. Mai buga manyan kuɗi, wanda dala 2,000 ke taruwa a gabansa, dala 3 ɗin nan kawai ake cire masa, ko rabin kashi ɗaya cikin ɗari bai kai ba. A ƙananan tebura ma akwai iyakar, sai dai da wuya kuɗin tsakiya su kai ta, don haka ɗalibi irina kusan kullum kashi biyar ɗin yake biya cif. Wanda ya fi kowa rashi, wanda bai gama koyon wasan ba, shi aka fi ɗora wa kaya. In da adalci ake nufi, a nan ya kamata a fara: a sauke kason ƙananan tebura, a daidaita iyakar da girman zubi, yadda nauyin da ke kan mai dala 10 zai yi daidai da na mai dala dubu.

Amma ba kason gida ne ya fi cutar da ni ba, tukuici ne. Gidan da nake wasa, ba sai na kama suna ba, yana ba ka maki gwargwadon abin da aka yanka a hannunka. Makin nan ke kai ka matakai, kowane mataki da irin abin da ake mayar maka. Ku lura, daga cikin abin da aka karɓa a wurinka ake ɗan tsakuro maka. Kamar mai awo ne da ya daki gindin mudu ya lotsa shi ciki, sannan ya bi ka da gyara, kai kuma kana ta godiya. Sharrin da ya fi wannan shi ne matakin na wata-wata ne. In wata ya ƙare ba ka cika maki ba, ka faɗo, sai sabon lale.

Akwai daren da ba na mantawa. Ranar ƙarshe ce ta wata, saura kaɗan in cika makin da zai ba ni tukuicin dala 50. Ina da jarrabawa jibi. Tun bayan isha'i na buɗe tebura takwas a lokaci guda, allon kwamfuta ya cika da ƙananan tagogi, kowacce tana ƙara tana jiran in danna. A gefe akwai wani koren layi da ke nuna saura nawa in cika, kuma shi nake kallo fiye da katunan da ke hannuna. Wajen ƙarfe ɗaya kuɗin asusun suka ƙare. Na ɗauko katin banki na zuba daga kuɗin hayar da yayana ya turo mini, ina ce wa kaina aro ne, da safe zan mayar. Na ƙara hawa teburin da ya fi ƙarfina don makin ya yi saurin taruwa. Agogon gidan ba irin namu ba ne, watansu sai can gab da asuba yake ƙarewa, kuma kafin lokacin layin ya cika. Wani hoto ya fito yana walƙiya yana taya ni murna. Na samu dala 50, na zubar da fiye da dala 400. Wayata ta yi ƙarar tashin sallah ina zaune, shayin da na haɗa tun dare yana nan ban taɓa ba, yatsuna suna rawa. Da hantsi Umma ta kira ta tambaya ko na biya mai gida, na ce mata na biya.

Ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya, laifina ne. Amma wanda ya zana wannan koren layi ya san abin da yake yi wa mutum a daren ƙarshen wata. Duk tukuicin da aka ɗaura wa wa'adi igiya ce. Na adalci shi ne wanda aka faɗa tun farko, kashi kaza cikin ɗari na abin da kai da kanka ka biya, iri ɗaya ga kowa, a zuba maka shi tsabar kuɗi, ka cire in ka ga dama ba tare da an ce sai ka sake bugawa ba. Ko mafi sauƙi, a rage kason tun asali a huta da zancen tukuici. Ba sa son haka, saboda ragin da ba ka gani ba zai hana ka barci ba.

Kada ku ɗauka ƙananan 'yan wasa kaɗai abin ke ci. Ina kallo daga nesa lokacin da rigima ta tashi a PokerStars, gidan da ya fi kowanne girma a wancan zamani, ko da yake ni ba a can nake bugawa ba. Kamfanin Amaya ya saye shi a 2014 a kan dala biliyan 4.9. Suna da wani mataki na ƙoli, Supernova Elite, wanda sai ka tara maki miliyan ɗaya a shekara kake hawansa, kuma wani ɓangare na ladarsa sai a shekara mai zuwa ake morarsa. Mutane suka kwashe wata goma suna bugawa dare da rana, sai a Nuwamban 2015 aka sanar za a zaftare ladar daga farkon 2016. 'Yan wasa suka yi yajin kwana uku a farkon Disamba, bai sauya komai ba. Hujjar kamfanin ita ce tukuicin yana tafiya ne aljihun ƙwararru masu tatsar sababbin shiga, kuma ni da aka tatsa na san akwai gaskiya a ciki. Sai dai gyara daban, sauya sharaɗi bayan mutum ya gama aiki daban. A 2017 kuma suka kawo tsarin akwatuna, ka buɗe ka ga abin da ka dace da shi, wato ladar caca ita ma ta koma caca. Wasu gidajen ma har auna kowane ɗan wasa suke yi da wani ma'auni na ɓoye, mutum biyu su biya kaso iri ɗaya a mayar musu da mabambanta. Abin da ba za a iya rubuta shi a layi biyu kowa ya lissafa da kansa ba, ni ban yarda tukuici ba ne.

Sannan su kansu kuɗin da kuke gani a allo, ku tambayi inda suke kwana. Ranar 15 ga Afrilun 2011 hukumomin Amurka suka rufe shafukan manyan gidajen foka uku a ƙasar. Daga baya masu gabatar da ƙara suka bayyana cewa 'yan wasa suna bin ɗaya daga cikin gidajen nan, Full Tilt Poker, kusan dala miliyan 390, abin da ke bankunansa kuwa kusan miliyan 60 ne. Sai da PokerStars ya sasanta da gwamnatin Amurka a 2012 a kan dala miliyan 731, ya karɓi kamfanin, sannan aka shiga biyan mutane, na Amurka kuwa sun jira shekaru. Gidan da bai ware kuɗin 'yan wasa daga nasa ba, lamba ce kawai yake nuna maka.

Da za a tambaye ni gyara ɗaya tak da zan tilasta wa kowane gida, ga shi: duk lokacin da mutum zai tashi daga tebur, a rubuta masa da manyan baƙi nawa ya zuba, nawa gida ya yanka a yau, nawa a wannan wata, nawa tun da ya buɗe asusu. Suna da wannan lissafi har na santi ɗaya. Ni sai da na sauke tarihin wasannina na zuba a wata manhaja kafin na gani. Ashe na ɗan fi abokan karawata, in an cire kason gida akwai 'yar riba. Kason kuwa ya cinye ribar ya shiga uwa, tukuicin da nake hana idona barci a kansa bai kai rubu'in abin da aka yanka ba. Irin wannan tilas hukuma ce ke yin ta. Birtaniya ta hana yin caca da katin bashi tun Afrilun 2020, tana kuma da tsarin GAMSTOP, inda mutum zai sa sunansa a toshe shi daga dukkan gidajen intanet masu lasisi a ƙasar. Da a ce ina da irin wannan ƙofar a safiyar da na yi wa Umma ƙarya, da na rufe ta.

Na san yawancinku ba foka kuke yi ba, ƙwallo kuke zuba wa kuɗi. Kason yana nan, an ɓoye shi ne a cikin lambobin. In aka ba kowane ɓangare 1.90, kai ka zuba naira 1,000 a nan, abokinka ya zuba 1,000 a can, wanda ya ci 1,900 zai karɓa, naira 100 ta zauna a gida ko wa ya yi nasara. Kyautar maraba da suke bayarwa kuma, karanta sharaɗinta, sai ka juya ta sau da yawa kafin a bari ka cire. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta Najeriya ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne, Hisbah a Kano kuma ta yi ta rufe shagunan caca. Shago dai ana iya garƙame shi da kwaɗo, amma wayar da ke aljihunka tana tare da kai har kan katifa.

Ina son a gyara tsarin nan saboda akwai miliyoyin mutane a ciki da ba za su fita yau ba, kuma bai kamata a cuce su a duhu ba. Amma ko da an sauke kason zuwa kashi ɗaya, an bayyana komai, kuɗin da ka ci na wani ne da ya zauna kamar yadda na zauna a wancan dare, wataƙila shi ma na haya ne. Wannan tunanin ne ya fi tsaya mini a rai bayan na ga lissafin.

Ban iya fita ni kaɗai ba, sau biyu ina goge manhajar ina sake sauke ta. Sai da na kira yayana na gaya masa komai, har adadin kuɗin, ya koma yana tura haya kai tsaye ga mai gida, na kuma rubuta wa gidan wasan na ce su rufe asusuna rufewa ta har abada. In kana ciki, ka fara da wannan kiran, ka zaɓi wanda kake jin kunyarsa, ka faɗa masa ainihin adadin ba tare da ragi ba. Yayana ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce Umma ni zan gaya mata da bakina. Wata huɗu na ɗauka kafin na iya.