Daga noman dawa zuwa lambun mangwaro da ruwan khal

Gonar da na gada a wajen Zariya dawa da masara ake nomawa a cikinta tun zamanin kakanmu. Da ƙasa ta gaji, taki kuma ya yi tsada, sai na yanke gefe guda na dasa mangwaro mai aure, yawanci Pita da Juli. Mai aure yakan fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4, wanda aka shuka daga ƙwallo kuwa sai ya kai 6 ko fiye, kuma ba lallai ya biyo uwarsa ba. Na bar mita 10 tsakanin bishiya da bishiya, wato 100 a hekta guda, ina shuka gyaɗa da wake a tsakani kafin inuwa ta rufe. A shekarun farko aikin ban ruwa ne da rani, da yaƙi da gara, da shinge saboda awaki.

Amma ba a nan wahalar take ba. Mangwaro yana fure da hunturu, ya nuna kusan lokaci guda wajen Afrilu da Mayu. Kowa ya kai kasuwa, daga nan har 'Yan Lemo a Kano, farashi ya faɗi ƙasa warwas. Dillali ya san kayanka ba za su kwana biyar ba, don haka shi ke yanka kuɗi. Ga ƙudan da ke ƙwai a cikin ɗan itacen. Wanda ya faɗo dole a tsince a binne, in ba haka ba baɗi ya fi bana. Ganin gumin shekara yana ruɓewa a gindin bishiya shi ya sa na fara sarrafawa.

Masu kyau muna wankewa, mu fere, mu markaɗa, mu tace, mu ɗora a wuta zafin ya kai wajen digiri 85, mu ɗura a kwalba da zafinsa. Waɗanda suka nuna luguf kuwa khal muke yi da su, wato ruwan tsamin da ake sa wa abinci, kuma wannan ne aikin da na fi so. Yis yana cinye sukarin ruwan ya mayar da shi giya, daga nan waɗansu ƙwayoyin halitta masu son iska su juya shi ya zama tsami. Manoman tuffa a Ingila, irin na yankin Samaset, a matakin farko suke tsayawa su sayar da shi giya. Mu ba ma taɓa shi a wannan hali. Muna rufe bakin ganga da farin ƙyalle, mu bar shi makonni har wata fata mai yauƙi ta taru a sama, tsamin ya kai kashi 4 zuwa 5 cikin 100. Ganga ta roba ce, don khal yana cin ƙarfe. Kafin na fara sai da na zauna da malaman addini kan halascin abin, kuma duk mai son shiga sana'ar ina ba shi shawara ya yi haka.

Abin da ya fi cin kuɗi yanzu kwalba ne da man janareta, sai rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, wadda ba ta yiwuwa sai da ɗakin aiki mai tsabta da ruwa mai kyau. Lemon kwalba ke kawo kuɗin yau da gobe, khal kuma yana jure ajiya, muna sayar da shi har damina ta wuce. Bana mun fara karɓar mangwaron maƙwabta da dillalai suka ƙi, muna biya a bakin gona.