Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da Bolt 190 Ya Koya Mini Hankali

A makon jiya na tsaya a inda na samu aiki a shagon wani dattijo Bature a bayan garin Shikago, mai gyaran tsofaffin injinan wasan finbol. Ga wanda bai taɓa gani ba, wani dogon akwati ne mai ƙafa huɗu da murfin gilashi, ana harba ƙwallon ƙarfe a ciki, kana tare ta da 'yan filafilai biyu kada ta faɗa rami. A tsaye daga can ƙarshensa akwai allon da ke nuna maki. Shikago ce mahaifar sana'ar, don a nan kamfanonin ƙera injinan, Bally da Williams da Gottlieb, suka yi zamaninsu.

A sati na uku aka kawo mana wani inji ƙirar Bally mai suna Eight Ball, na 1977. Allunan makinsa biyar ne, huɗu na 'yan wasa, ɗaya na ƙirga ƙwallo da kuɗin da aka zuba, kowanne da gurbin lamba shida. Gilashi ne da aka ɗura wa iskar niyon, sai an ba shi wuta mai ƙarfi yake kawo hasken nan ruwan lemo. A allon ɗan wasa na biyu lamba ɗaya ta mutu ɗungurungum, sauran kuwa haske suke yi har ya yi yawa, gefensu ya fara baƙi.

Kallo ɗaya na yi na ce, "Maigida, gilashin nan ya mutu, sai dai sabo."

Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Ka auna?"

Ban auna ba. Ni da na yi shekara goma sha ɗaya ina buɗe bayan talabijin mai ƙusumbi a Sabon Gari, inda wutar da ke jikin kwalbar ke haura bolt 20,000, wai ni za a tura in auna bolt ɗari da casa'in ɗin da ke shiga gilasan. A raina na ce wannan ai wasan yara ne. Na dai ɗauki mita don kada a ce na yi gardama.

Yadda abin yake, taransifoma na ba da wuta, a mayar da ita ta kai wajen bolt 230, sannan wani sashe a fanel ɗin da ke tuƙa kwayil-kwayil, wato naɗaɗɗun wayoyin da ke motsa sassan injin, ya rage ta zuwa 190 kafin ta isa gilasan. Na ɗora mita a mashiga, 230. Na ɗora a mafita, 230 ɗin dai. Na murɗa ɗan maɓallin saiti hagu da dama, mita ko gezau. Ashe taransistocin da ke rage wutar sun haɗe, wuta na wucewa yadda ta shigo. Shi ya sa injin ke aiki kamar lafiya lau, alhali gilasan na ƙonewa a hankali. Da na sa sabon gilashi kamar yadda na so, da shi ma hanyar da zai bi ke nan, ga shi irinsu sun yi wuyar samu, ga tsada.

Na kashe inji, na zare filogi, na kai hannu zan ciro fanel. Wallahi ban san lokacin da na yi salati da ƙarfi ba. Babban kwandensan da ke wurin, mai tara wuta ya riƙe, bai sauke cajinsa ba, ya ɗauke ni tun daga yatsa har gwiwar hannu, bayan hannuna ya bugi ƙarfen akwati ya tsage. Abin haushin, sauke caji shi ne darasin farko da maigidana na Kano ya koya mini, har da ranƙwashi. Raina kama ka ga gayya. Dattijon ya miƙo mini filasta da wata resista mai wayoyi biyu da yake sauke caji da ita, ya koma kujerarsa bai ce uffan ba. Shirun nan ya fi mini zafi a kan faɗa.

Taransisto ukun duka na canza, don idan ɗaya ya tafi yakan ja 'yan uwansa. Da wuta ta dawo daidai ya ce in saita ta a 175, kada in kai 190. Hasken ya ɗan ragu kaɗan, amma gilashin zai ƙara shekaru.

Lambar da ta mutu kuwa, ko kusa ba gilashi ba ne. Kowane gurbi yana da resistarsa mai 100K, shekara arba'in da ɗoriya tana shan zafi, ta wannan gurbin ta ƙone ta yanke. Na cire duka shidan na sa masu rabin wat, waɗanda suka fi jure zafi. Sai na juya fanel ɗin na ga dalmar ƙafafun soket duk ta tsattsage, na bi su ɗaya bayan ɗaya da ayan ɗin narka dalma. Sauran alluna huɗun ma haka na yi musu, har bayan la'asar.

Da muka kunna, sifirai suka jeru reras. Dattijon ya jefa kwabo ya buga wasa ɗaya, ya ci maki kaɗan ƙwarai, ya ɗora laifin a kan filafilan. Da zan tafi ya miƙo mini mabuɗin shago, ya ce gobe ni zan buɗe, akwai wani inji ƙirar Williams da ke jira, shi kuma wutarsa biyu ce, bolt 100 sama da sifiri, 100 ƙasa da shi. Wannan sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.