30 ga Yuli, ƙarfe goma sha ɗaya na dare

Na gaji tiɓis amma barci ya ƙi zuwa, to bari in rubuta tun abin bai huce ba.

Sati biyu muna shirin zaman nan na yau mu 'yan ƙungiyarmu ta maza, saboda yau ce ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2013 don yaƙi da safarar mutane. Ni aka bar wa jera kujeru da gwada lasifika. Kujera sittin na jera, da aka fara ko rabi ba su cika ba. Wani da na kira a waya ma cewa ya yi ai wannan maganar mata ce, shi me zai zo ya yi. Wallahi maganar ta tsaya min a maƙoshi, don ainihin abin da ya sa muka kafa ƙungiyar kenan.

Ni na fara magana. Na karanto musu ƙiyasin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2021, mutum miliyan 27.6 ne ke cikin aikin tilas, mata da 'yan mata miliyan 11.8, kenan fiye da rabi maza ne da yara maza, a wuraren gini da gonaki da ramukan haƙar ma'adinai da jiragen kamun kifi da sai su yi watanni ba su ga tudu ba. Na tuna musu bidiyon da CNN ta fitar a Nuwamban 2017 daga Libiya, ana gwanjon samari kan dala 400 kamar dabbobi. Ana dai gyaɗa kai, amma ina hango wasu suna danna waya.

Sai wani saurayi daga can baya ya ɗaga hannu, ba ya ma cikin waɗanda muka tsara za su yi magana. Ya ce, "Yaya in ba damuwa ina da 'yar magana." Muryarsa na rawa. Wani ejan ne ya yi masa alƙawarin aikin direba a waje, mahaifinsa ya sayar da fili aka biya, yana sauka a filin jirgi aka karɓe fasfonsa wai za a yi masa rajista, bai sake ganinsa ba sai bayan wata goma sha huɗu. Aikin direba babu, leburanci ne a wurin gini tun asuba har duhu, kuma kowane ƙarshen wata sai a ce ana binsa kuɗin tikiti da biza da ɗakin da suke kwana su tara, bashin maimakon ya ragu ƙaruwa yake yi. Ya ɗaga hannunsa na hagu ya nuna mana, yatsu biyu sun ƙage ba sa miƙewa, bulo ne ya faɗo masa kuma ba wanda ya kai shi asibiti. Ya ce duk wannan da sauƙi a kan dawowa, don shekara biyu kenan duk wanda ya tambaye shi sai ya ce tafiyar ce kawai ba ta yi ba, ko mahaifinsa bai san gaskiya ba, wai ta yaya namiji zai buɗe baki ya ce an sayar da shi. Ɗakin ya yi tsit, ba mai taɓa waya kuma.

Wani dattijo ya ce amma ɗana ai da ƙafarka ka tafi, ba wanda ya ɗaure ka. Lauyan da ke cikinmu ya ce, "Baba, yarjejeniyar Palermo ta shekarar 2000, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kan safarar mutane, ta yi maganar wannan, in dai da yaudara ko barazana aka samo yardar mutum, to yardar ba ta wanke wanda ya yi safararsa." Dattijon ya yi shiru, can ya tashi ya je ya dafa kafaɗar yaron, bai ce komai ba.

Ni kuwa jikina ne ya yi sanyi, don wani abu ya faɗo min. Shekara uku da suka wuce an turo min lambar wani ejan a WhatsApp, ni kuma na tura wa ƙanin abokina saboda na san yana neman aiki, ban tambayi ko kamfanin na da lasisi ba, ban ce a nuna mana takardar kwantiragi ba, a ganina taimako na yi. Yaron ya tafi. Duk lokacin da na tambayi yayansa sai ya ce lafiya lau yake, ni ma sai in bar maganar a nan don haka ta fi min daɗin ji. Kullum muna cewa mugayen dillalai, amma lambar nan ta hannuna ta bi.

Da na dawo gida na kira abokin nawa sau biyu bai ɗauka ba. Na tura masa saƙo na ce ya ba ni lambar ƙaninsa, ina so in ji muryarsa da kunnena in tambaye shi fasfonsa na hannun wa. Har yanzu bai buɗe ba. Gobe da sassafe kafin in wuce aiki zan biya ta gidansa.